Daɓen kork a ɗakin Hajiya: zai yi a Kano kuwa?

Wani bawan Allah ne ya turo min tambaya, yace yana gab da ƙarasa gininsa a Kano, bene mai hawa ɗaya, kuma mahaifiyarsa zata tare tare dasu. Ta manyanta, tana fama da ciwon gwiwa, bara santsin tayil ya taɓa ɗibarta, sannan duk hunturu bata rabuwa da ƙorafin sanyin ƙasa. Ƙaninsa da ke karatu a Fotugal yace masa can akwai wani daɓe da ake yi da ɓawon bishiya, kork suke ce masa, baya sanyi kuma yana da taushi a ƙafa. Shine yake so ya san menene shi, meye amfaninsa, kuma ko ya shimfiɗa shi a gidan gaba ɗaya.

To Malam, da farko Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da alheri, dan ba kowa ke tsayawa ya yi tunanin ƙafar uwarsa ba lokacin da yake zaɓen kayan gini, yawanci abin da zai burge baƙo ake dubawa. Na daɗe a harkar daɓe da kayan ƙarasa gini, na sa kork da hannuna na kuma ga inda ya lalace, dan haka ga amsata tun kafin mu yi nisa: ƙaninka ya faɗa maka gaskiya, a ɗakin Hajiya zai yi kyau sosai, amma kar ka sa shi a gidan gaba ɗaya. Abu ne da ake zaɓa masa ɗaki, ba kamar tayil ba da zaka bi gida lungu da saƙo ka manna.

Kila ma ka taɓa riƙe shi baka sani ba. Allon nan mai ruwan ƙasa da ake soka wa takardar sanarwa da ƙusa a makarantu da ofisoshi, shine. Matoshin kwalba mai taushi, shine. Tsofaffin makanikai sun san gasket ɗinsa, kuma akwai takalman da ake musu ƙasa da shi. Ɓawon wata bishiya ce dangin oak da ke fitowa a ƙasashen yammacin tekun Bahar Rum, Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, da wani yanki na Italiya da Faransa. Fotugal kaɗai ke fitar da kusan rabin na duniya, mafi yawa daga yankin Alentejo a kudancin ƙasar, kuma babban kamfanin harkar, Amorim, nasu ne. A nahiyarmu ma akwai dajin Mamora kusa da Rabat, wanda ya yi suna da wannan bishiyar.

Abin da yake burge ni da ita shine ba a sare ta. Ɓawon ake ɓarewa da wani gatari na musamman, da hannu, a lokacin zafinsu tsakanin Mayu da Agusta sadda ɓawon ke sakin jikin itacen cikin sauƙi, sai a bar ta tsirara jajir kamar an feɗe rago, ita kuma ta sake tofo wani. Sai bishiya ta kai kamar shekara 25 kafin a fara taɓa ta, daga nan kuma sai duk bayan shekara 9, doka ce a Fotugal, har lamba suke rubutawa da fenti a jikinta dan a san shekarar da aka ɓare ta. Ɓawon farko mai kaushi ne baya yin matoshi, na biyu ma da sauran sa, sai na uku, bishiya ta haura shekara 40 kenan, sannan ake samun mai kyau na gaske. Tana kuma iya kaiwa shekara 200 ana ɓara. Kaga wanda ya shuka ba dan kansa ya shuka ba, jikokinsa ya yi wa. Na daɓe kuwa yawanci daga wancan ɓawon farko ne da kuma ragowar da ke zuba a masana'anta bayan an huda an cire matosai, sai a niƙa, a gauraya da wani gam, a matse da zafi ya zama dunƙule, a yanka falle falle. Na faɗi wannan ne dan kar ka ji tsadarsa ka ɗauka cuta ce kawai, abu ne da samuwarsa ke cin shekaru, ga kuma kuɗin jirgi da na kwastan da canjin yuro a kai.

Yanzu mu zo kan ƙafar Hajiya, dan nan ne maganar take.

Mutane na cewa tayil na da sanyi. A zahiri tayil da tabarmar da ke kansa zafinsu ɗaya ne in ka auna, tunda ɗaki ɗaya suka kwana. Bambancin shine tayil yana zuƙe ɗumin jikinka da sauri ya wuce da shi cikin kankare, shi yasa da asuba cikin Janairu in ka sauko daga gado ka taka sai kaji har cikin ƙashi. Kork kuwa cikinsa ƴan mitsi mitsin ɗakuna ne rufaffu cike da iska, kusan miliyan 40 a cikin gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ta kowane ɓangare ba. Wani masanin Ingila, Robert Hooke, a 1665 ya yanki kork siriri ya leƙa ta madubin ƙara girma ya ga waɗannan ɗakunan jere kamar saƙar zuma, daga nan ne ma aka samo sunan cell, wato ɗan ɗaki, da ƴan kimiyya ke kiran ƙwayar halitta da shi har yau. To iskar da aka kulle bata wuce da zafi, shi yasa gudun da tayil ke janye ɗumin tafin ƙafa ya fi na kork nesa ba kusa ba. Kana takawa wurin zai ɗauki ɗumin ƙafarka ya riƙe. Duk wanda ya tashi a ɗakin ƙasa mai daɓen gargajiya, wanda mata ke bugawa da madaɓi a shafe da makuba, ya san wannan jin, ƙasa ce mai karɓar ƙafa. Da muka koma siminti da tayil mun samu tsafta da ƙarko amma mun rasa wancan, tsofaffinmu ne kuma suka fi jin rashin a jikinsu.

Amma fa wannan amfanin yana da ɗaya fuskar, kuma ɗan Fotugal ba zai tuna ya faɗa maka ba. A watan Afrilu da Mayu in zafi ya haura 40, Nepa sun ɗauke wuta, me muke yi? Sauka muke daga katifa mu kwanta a kan tayil ko siminti, wani har ya yayyafa ruwa. Wannan sanyin da ake zagi da hunturu shi ake nema da bazara. Kork ba zai baka shi ba. Ba zai ƙara wa ɗaki zafi ba, amma ba zai sanyaya maka baya ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka bar falo da tayil.

Na biyu taushi. Ba taushin katifa ba, in ka taka ba zaka nutse ba, ɗan lotsawa yake kaɗan wanda ido baya gani sai ya dawo, saboda iskar nan da ke ciki tana matsuwa tana buɗewa. Gwiwa da ƙugu da gadon baya su suke gane bambancin, musamman ga mai tsayuwar sallar dare ko mai jimawa a zaune a ƙasa tana lazimi. Akwai wani dattijo da muka sa wa a ɗakin kwanansa a Kaduna, bayan wasu watanni ɗansa yace min baban ya daina ninka darduma biyu in zai yi sallah, ɗaya ta ishe shi. Kofi ko waya in sun faɗi sau da yawa suna tsira. Mutum ma in ya faɗi, bugun da ƙashi zai sha bai kai na tayil ba, amma ina so ka ji ni da kyau, ragewa yake ba hanawa ba, tsohuwa na iya karaya a kan kork. Batun santsi kuma ya danganta da abin da aka shafe samansa da shi, mai ƙyalli kamar madubi yana santsi, wanda baya sheƙi yana riƙe ƙafa sosai fiye da tayil mai sulɓi, dan haka marar sheƙi zaka nema. Kuma ka bincika a ina ta zame bara, in a banɗaki ne ko bakin ƙofarsa, to maganin wannan daban ne, tayil mai kaushi zaka sa a can da ƙarfen dafawa a bango.

Na uku ƙara. Tunda bene ne, zaka gane wannan ranar da yara suka fara guje guje a sama kana ƙasa, ko aka ja kujera a kan tayil cikin dare. Kork na shanye bugun ƙafa kafin ya shiga dekin, kuma yana rage amsa kuwwar da ɗaki mai tayil da silin ɗin roba ke yi. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa ke sa shi a ɗakunan karatu da coci coci da kotuna saboda wannan shirun, kuma shahararren mai zanen gini na Amurka, Frank Lloyd Wright, a gidan nan Fallingwater da ya gina a shekarun 1930 har a banɗakuna ya sa shi, ƙasa da bango. In ma baka son kamanninsa, akwai shi siriri na milimita 2 zuwa 6 a naɗe kamar tabarma, ana shimfiɗa shi a ƙarƙashin daɓen katako ko laminet dan kashe ƙara kawai.

Akwai kuma batun ƙura. Kafet a garinmu rumbun ƙura ne, duk wanda ya taɓa ɗaga kafet bayan shekara biyu ya san abin da ke kwance a ƙasa, mai asma kuwa shi ya san yadda yake kwana. Kork na baka kusan ɗumin kafet amma samansa a shafe yake, ka share ka goge shikenan. Sai dai ka duba kwalin, a ga an rubuta E1, alama ce ta Turai da ke nuna sinadarin fomaldihaid da gam ɗin ke fitarwa kaɗan ne. Mai arha da ba a san asalinsa ba yana iya cika ɗaki da wari na tsawon makonni, a ɗakin tsohuwa kuwa ba a wasa da wannan.

Toh, yanzu ga inda ake samun matsala, kuma wallahi na fi son ka riƙe wannan ɓangaren fiye da yabon da na yi.

Ruwa. Zaka ji masu sayarwa na cewa ruwa baya shigarsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya, ɓawon na ɗauke da wani abu mai kama da kakin zuma, subarin, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na jikinsa, shi ke hana ruwa ratsawa ya kuma sa baya ruɓewa da wuri, masunta sun daɗe suna ɗaura shi a jikin raga dan ta yi iyo. Amma daɓe ba ɓawo ɗaya ba ne, niƙaƙƙe ne aka haɗa, kuma tsakanin falle da falle akwai gaɓa, ta nan ruwa ke bi. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai falle zalla mai kaurin milimita 4 zuwa 6, yawanci santimita 30 da 30 ko 30 da 60, wanda ake mannawa a ƙasa da gam sannan a bi samansa da banish ya rufe har gaɓoɓin. Akwai kuma mai kama da allo dogo, kaurin milimita 10 zuwa 12, wanda ake sarƙawa da juna ba gam, yana zaune ne kawai a kan ƙasa. Wannan na biyun ya fi sauƙin sawa, shi aka fi tallatawa, amma tsakiyarsa garin katako ne da aka matse, kork ɗin sama da ƙasa ne kawai. Garin katako kuwa in ya sha ruwa ya kumbura ya kumbura kenan, ba ya komawa, bakin kowane allo zai tashi kamar burodin da ya jiƙe.

Yanzu ka tuna yadda ake wanke ɗaki a gidajenmu. A kwara bokitin ruwa da omo, a bi da tsintsiya, a kore ta ƙofa. Ko mofa tana ɗiga a ja ta a bar ruwa kwance fanka ta busar. Ga buta, ga tsohuwar da in dare ya yi bata iya zuwa banɗaki sai a kawo mata roba ta yi alwala a gefen gado, ga jika da zai yi fitsari ba a gani ba sai da safe. Na taɓa zuwa duba wani gida a Abuja da aka sa mai sarƙawar, ko shekara bai yi ba duk ya tashi, maigidan yana ta faɗa cewa an sayar masa da jabu. Da muka ɗaga sai muka tarar abu biyu ne, kankaren bai gama bushewa ba aka rufe shi kuma ba a sa leda a ƙasa ba, sannan yarinyar da ke aiki kullum da ruwa take wankewa dan ba wanda ya faɗa mata. Kayan ba su da laifi. Shi yasa a ɗakin Hajiya mai gam nake baka shawara, a shafe shi da banish na foliyuretan mai haɗin ruwa sau 3, ruwan da ya zube aka goge cikin ɗan lokaci ba abin da zai masa. Banɗaki kuwa da kicin irin namu da wajen wanki da baranda, ka manta da shi. Na san na ce Wright ya sa a banɗaki, amma banɗakinsu ba irin namu ba ne da ake wanka da bokiti ruwa ya malale ko'ina.

Sai iska, wato danshinta, kuma wannan ita ce babbar jarabawar kork a Arewa. Masu yin sa suna so danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 ko kusa da haka. Mu kuwa a Kano tsakiyar hunturu yana sauka ƙasa da 20, leɓe na tsagewa ƙofar katako na sakin jiki, a watan Agusta kuma ya haura 70 ko 80 ƙofar nan dai ta ƙi rufuwa. Kork ɗan itace ne, yana shan danshi ya buɗe, ya bushe ya tsuke, kuma shi ta kowane ɓangare yake motsawa. In ka manna shi a tsakiyar damina yana a buɗe, Janairu na zuwa zaka ga siraran layuka sun buɗe tsakanin falle da falle ƙura na shiga. In ka sa shi a tsakiyar hunturu yana a tsuke ka matse shi da bango, damina na zuwa ya rasa inda zai je sai ya yi tozo. Abin da nake yi shine in zaɓi tsaka tsaki, wajen Oktoba bayan ruwa ya ɗauke kafin iska ta bushe ƙarau, a buɗe kwalayen a bar su cikin ɗakin da za a sa su aƙalla kwana 3, ni nakan bar su mako guda ma, kuma a bar tazara a jikin bango ko'ina, kamar milimita 10 in mai sarƙawa ne, sikatin, wato siririn allon da ake bi gindin bango da shi, zai rufe ta ba mai gani. Duk da haka ka sa a ranka ɗan layi zai iya bayyana da hunturu ya rufe da damina, ɗabi'arsa ce.

Yashi ma abokin gaba ne. Ba kork ɗin yake ci ba tukuna, banish ɗin sama yake gogewa kamar sanfefa, in ya cinye shi sannan datti da ruwa su samu hanya. Sa'ar da muka yi ita ce mu ba ma shiga ɗaki da takalmi, wannan al'adar kaɗai na ƙara masa shekaru. A sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a share kullum da tsintsiya mai laushi, a goge da tsumma ko mofa da aka matse sosai, ba bilic ba omo mai ƙarfi. In ka ga hanyar da aka fi bi ta fara dushewa, yawanci bayan shekara 5 zuwa 7, a ɗan goge sama sama a sake shafa banish, kar a jira sai ya cinye. Wanda ake yi wa haka yana kaiwa shekara 30 har fiye.

Rana na kodar da shi, inda hasken taga ke sauka kullum zai yi fari fari ya bar inda gado ya rufe da duhunsa, labule ya wadatar. Kaya masu nauyi kuma suna lotsa shi, ƙananan lotsawa suna dawowa amma ƙafar gado siririya ko wadrof cike da atamfofi da kwalla da ya shekara a wuri ɗaya zai bar tambari. A sa wani faffaɗan abu a ƙarƙashin kowace ƙafa ya raba nauyin, kuma ɗagawa ake yi ba ja ba. Takalmi mai tsini na mata yana huda shi, sandar dogarawa a tabbatar akwai roba a bakinta.

Ga wani abu da ba zaka gani a takardar kamfani ba dan su basu san shi ba: kaskon turaren wuta. Kork baya kama wuta da sauri, a daji ma ɓawon ne ke kare bishiyar in gobara ta tashi, amma garwashi ɗaya in ya faɗo zai ƙona banish ya bar baƙin tabo da ba ya gogewa. Iyayenmu mata kuwa ba a raba su da kasko, ga na jin ɗumi da hunturu, ga dutsen guga da ake ajiyewa a ƙasa. Ka sa a ajiye mata faranti na ƙarfe mai faɗi ko ka bar wani ɗan kusurwa da tayil dan wannan. Lalle ma in ya zuba aka bar shi yana iya kama shi. Batun gara kuma, kork kansa ba abincinta ba ne sosai, amma allon tsakiyar mai sarƙawa katako ne, kuma ko ba komai in filin na da gara a yi feshin magani tun daga tushe kafin a zuba kankare.

Wajen sawa, rabin aikin a ƙasan yake. Falle mai milimita 4 ba ya ɓoye komai, duk wani tudu ko rami ko tsakuwa da birkila ya bari zai fito a sama kamar ka shimfiɗa zani a kan tsakuwa. Dole a yi sikirid, wato shafen siminti da yashi da ake yi a kan kankare dan ƙasa ta daidaita, mai laushi sumul, ka ɗora dogon katako miƙaƙƙe na mita 2, in ka ga rata ta wuce milimita 3 a gyara. Dole kuma ya bushe, lissafin da muke bi shine kamar kwana ɗaya ga kowace milimita ta kaurin sikirid, mai santimita 5 kenan ya kusa wata biyu. Gwaji mai sauƙi, ka yanki leda mai kauri kamar rabin mita, ka manne gefunanta huɗu da salatif a ƙasa ka bar ta kwana ɗaya, in ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu to da saura. Ɗakin Hajiya nasan a ƙasa zai kasance tunda bata iya hawa bene, dan haka tambaya mafi muhimmanci da zaka yi wa injiniyanka ita ce: an sa leda a ƙarƙashin jaman fulo, wato kankaren ƙasan gini, kafin a zuba? In ba a sa ba, ko unguwar na da danshi irin wadda bango ke jiƙa daga ƙasa fenti na ɓarewa da damina, sai an fara shafa maganin tare danshi a kan kankaren, in ba haka ba gam zai saki. Kuma ka nemi wanda ya taɓa yin aikin ko aƙalla mai sa daɓen katako ko na roba falle falle. Mai tayil komai ƙwarewarsa hannunsa ya saba da siminti da ruwa, wannan kuwa aikin gam ne, irin wanda ake shafawa a ƙasa da bayan fallen a jira ya sha iska, in ka ɗora ya kama kenan ba gyara, sai a bi da abin dannewa mai nauyi.

Wajen saye, ba kaya ne da zaka shiga kowace kasuwar tayil ka samu ba, sai manyan masu kayan ƙawata gida a Legas ko Abuja, ko a yi maka oda. Ka kula, akwai ledar roba da aka buga wa hoton kork, ka duba gefen fallen, na gaske zaka ga ɓarɓashin har ciki kuma in ka danna farce zai lotsa ya dawo. A kwalin akwai lambar ƙarfi, 21 zuwa 23 na gida ne, 31 zuwa 33 na wuraren kasuwanci, ka ɗauki 23 ko 31 zuwa sama tunda ɗakin uwa a gidan Bahaushe ba ɗakin kwana ba ne kawai, nan ƴaƴa da jikoki da ƴan gaisuwa ke taruwa. Ka ƙara kamar kashi 10 a kan awon ɗakin saboda yanka, ka kuma ɓoye kwali ɗaya, dan in wani falle ya ƙone bayan shekara uku ba lallai ka samu irin launinsa ba. Gam da banish ɗin ma ka haɗo su tare daga wuri ɗaya, kar a zo a sa masa banish ɗin kujera mai tauri, zai tsattsage saboda ƙasan na motsi shi kuma baya motsi.

Da gidana ne ga yadda zan raba: ɗakin Hajiya kork mai gam marar sheƙi, launi mai ɗan haske dan ƙurar hunturu ta fi nunawa a kan mai duhu, taku ɗaya na tayil mai kaushi a bakin ƙofar banɗakinta dan ƙafa ta tsane kafin ta hau, kuma a daidaita tsayinsu kar a bar ɗan tudun da zai sa ta tuntuɓe. Ɗakin yara a sama shima kork in aljihu ya bari. Falo, kicin, banɗakuna, matakala da baranda duk tayil. In kuma ka lissafa ka ga ba zai yiwu yanzu ba, tayil marar santsi da shimfiɗar roba mai kauri a gefen gadonta da wajen sallarta zai rage mata wahala sosai kafin Allah ya hore.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ce wa ƙaninka in zai dawo hutu ya saƙo falle biyu ko uku a jakarsa, ba su da nauyi. Ka ajiye su a gefen gadon Hajiya a gidan da kuke yanzu, ta riƙa saukowa a kansu da asuba ba takalmi, ɗaya kuma ka zuba masa ruwa ka bar shi ya kwana ka ga yadda zai yi, ka auna faɗinsa da tef yanzu ka sake aunawa in iska ta juya. In ta taka na sati biyu sai ka tambaye ta, ka turo min abin da ta ce da awon ɗakin, in lissafa maka kwali nawa zaka buƙata da litar gam da banish.